Alekzanda Giraham Bel, Malamin Kurame da Ya Ƙago Wayar Tarho

A gefen garin Birnin Kudu akwai waɗansu duwatsu masu ban al'ajabi. In aka ɗauki ɗan ƙaramin dutse aka buga su, sai su yi amo kamar kuge. Mutanen dā sun daɗe suna kiɗa da su, har wurin bugun ya yi gurbi. A cikin shekarar 1955 wani Bature mai binciken kayan tarihi, ana ce da shi Bernard Fagg, ya gan su, ya bayar da labarinsu ga duniya. Wanda ya ɗora tafin hannunsa a jikin irin wannan dutse sa'ad da a ke bugunsa, zai ji yana ɗan karkarwa. To, wannan karkarwa ita ce asalin kowace irin ƙara. Abin da aka buga ya girgiza, shi kuma ya girgiza iskar da ke kusa da shi, iska ta kai girgizar cikin kunne. Haka ganga ta ke yi, haka kuma maƙogwaron mutum ya ke yi in yana magana.

Amma iska ba ta iya kai murya nesa. Komai ƙarfin muryar mai shela a kasuwar Birnin Kudu, ba mai jinsa a Gwaram. A zamanin dā, in hakimi yana da saƙo, sai ya tashi manzo, ya ɗaura wa doki sirdi, a zauna ana jiran amsa. Yau kuwa akawu ya kan miƙa hannu ya ɗauki kan waya daga tebur, ya yi magana da wanda ke Kano kamar suna zaune a zaure ɗaya. Ga labarin mutumin da ya buɗe wannan hanya.

An haifi Alekzanda Bel ran 3 ga watan Maris, 1847, a birnin Edinbara na ƙasar Sukotlan, arewa da Ingila. Gidansu gidan koyar da magana ne. Kakansa malami ne mai gyara wa mutane lafazi, yana kuma taimakon masu i'ina. Ubansa ma sana'arsa ke nan, har ya ƙago wani irin rubutu wanda ke nuna yadda a ke ajiye harshe da leɓe wajen fitar da kowane sauti. Su uku ne maza a wurin iyayensu, shi ne na tsakiya. Sunan nan Giraham ba da shi aka raɗa masa ba. Ganin 'yan'uwansa kowa yana da suna biyu, sai ya yi ta roƙon ubansa a ƙara masa ɗaya, aka ƙara masa ranar da ya cika shekara 11.

Uwarsa gwana ce wajen kaɗa fiyano, amma tun yana yaro kunnenta ya soma toshewa, har ta zama ba ta ji sai da ƙyar. Sauran mutane su kan ɗaga murya su yi mata tsawa cikin wani bututu da ta ke sa wa a kunne. Shi kuwa yaron sai ya sami wata dabara: ya kan matso da bakinsa kusa da goshinta, ya yi magana da ƙasa-ƙasan murya, ƙashin kanta ya ɗauki girgizar, ta gane abin da ya ce. In an yi baƙi kuma ya kan zauna kusa da ita, yana gaya mata abin da a ke faɗi da yatsun hannu. Tun daga nan al'amarin ji da rashin ji ya shiga zuciyarsa, bai kuwa fita ba har ya mutu.

A makaranta ba shi da wani abin yabo. Abin da ya ke so ya kan yi shi da kyau, wanda ba ya so kuwa ya kan yi masa riƙon sakainar kashi. Amma hannunsa da idonsa ba su hutawa. Yana da shekara 12, uban wani abokinsa mai injin niƙa ya gaji da ɓarnar da su ke yi masa, ya ce su nemi abin yi mai amfani. Bel ya tambaye shi wane aiki ne ya fi ba shi wahala, ya ce cire ƙaiƙayin alkama. Yaron ya haɗa waɗansu filafilai masu juyawa, ya kafa musu burushi mai tauri, suka riƙa goge ƙaiƙayin, aka kuwa yi ta aiki da abin a gidan niƙan. Bayan wannan shi da wansa suka ƙera kan mutum na ƙarya, da harshe da leɓe na roba, suna hura masa iska. Ranar da suka gwada shi sai ya yi kuka kamar jariri mai kiran uwarsa, har maƙwabta suka fito neman ɗan da ke kuka.

Da ya kai shekara 15 aka kai shi Landan wurin kakansa, ya shekara ɗaya. Tsohon ne ya sa masa son karatu. Yana da shekara 16 ya zama ƙaramin malami a wata makaranta a garin Elgin, yana koyar da lafazi da kiɗa, alhali waɗansu almajiransa sun girme shi.

Daga nan baƙin ciki ya sauko wa gidansu. Tarin fuka ya kashe ƙanensa a 1867, ya kashe wansa a 1870, shi ma ga shi ya rame yana fama da jiki. Uban ya ji tsoro kada ya rasa na ukun, sai ya tattara iyalinsa suka haye teku zuwa Kanada a cikin shekarar nan ta 1870, suka sayi gida a kan tudu kusa da garin Brantford, inda iska ke da kyau. Allah ya ba shi lafiya. A shekara mai zuwa ya tafi birnin Boston na Amurka, ya kama aikin koyar da yara kurame. Ya kan sa yaro ya taɓa maƙogwaronsa ya ji yadda ya ke rawa, ya dubi bakinsa, sa'an nan ya kwaikwaya. Sunansa ya fita, har a 1873 jami'ar Boston ta ɗauke shi babban malami.

A wannan zamani an riga an san tangarahu, watau wayar da a ke aika saƙo da ita ta hanyar ƙwanƙwasa, gajere da dogo, wani akawu a can ya mai da su haruffa. Aibinta shi ne, waya ɗaya saƙo kaɗan ta ke ɗauka a lokaci guda, kafa sabuwar waya kuwa tsada gare shi. Bel ya yi tunani, tun da kunne yana iya rarrabe amon kalangu da na algaita ko da an haɗa su, me zai hana a aika saƙo da yawa a waya ɗaya, kowanne da amonsa? Da rana yana koyarwa, da dare yana gwaji har asuba. Iyayen almajiransa biyu suka ɗauki nauyin kuɗin aikin. Ɗaya shi ne Thomas Sanders, mai fataucin fata, ɗayan kuma Gardiner Hubbard, lauya, wanda 'yarsa Mabel ta kurumce tun tana da shekara 5 saboda wani zazzaɓi mai zafi.

A 1874 wani likitan kunne ya ba shi kunnen mamaci don ya yi nazari. Ya lura da ɗan tantanin da ke cikin kunne, siriri ƙwarai, amma in murya ta taɓa shi yana iya motsa ƙasusuwan da suka fi shi nauyi. Sai ya ce a ransa, in haka ne, ɗan faifan ƙarfe siriri ma zai iya rawa da murya. In aka ajiye shi gaban maganaɗisu wanda aka naɗe da siririyar waya, rawarsa za ta sa ƙarfin lantarkin da ke cikin wayar ya riƙa hawa da sauka daidai da muryar. A ɗaya ƙarshen kuma lantarkin ya girgiza wani faifan, shi kuma ya girgiza iska, murya ta sāke fitowa. Kun ga ke nan ba muryar ce ke tafiya a cikin waya ba, kamanninta ne lantarki ke ɗauka. In kuka huda gindin gwangwani biyu, kuka haɗa su da dogon zare, kuka ja ya miƙe, ɗaya ya yi magana ɗaya ya kara a kunne, za ku ji kusan irin wannan, sai dai a nan zare ne ke ɗaukar girgizar.

Tunani ya yi daidai, amma Bel bai san lantarki sosai ba, hannunsa kuma bai gwanance da ƙira ba. Ya je Washinton ya kai kukansa wurin wani tsohon masani, Joseph Henry. Tsohon bai lallashe shi ba, ya gaya masa ilmin da ya rasa ya je ya nemo shi. Wajen ƙira kuwa sai ya sami wani saurayi mai hannu, Thomas Watson. Masu ba da kuɗi ba su so wannan sabon al'amari ba, su tangarahu su ke so, don nan su ke ganin riba.

Ran 2 ga watan Yuni, 1875, suna gwajin tangarahunsu, kowa a ɗakinsa, sai wani ɗan fallen ƙarfe ya maƙale a wajen Watson. Ya sa yatsa ya fizge shi don ya sake. Bel a ɗaya ɗakin ya ji amon ƙarfen ya fito daga nasa injin, cikakke, ba ƙwanƙwasa kaɗai ba. Ya rugo da gudu ya hana Watson taɓa kome. Wani da ya ji wannan ɗan amo da sai ya ce injin ne ya lalace, amma kunnen da aka horar tun a goshin uwa ya gane abin da ya ji.

Suka ƙara wata tara suna fama. Ran 14 ga watan Fabrairu, 1876, lauyan Bel ya kai takarda ofishin gwamnati inda a ke rubuta sunan wanda ya fara ƙago abu, don kada wani ya ci amfaninsa ba da izini ba. A wannan rana kuma aka kawo takardar wani gwani, Elisha Gray, a kan irin wannan aiki. Aka ba Bel ran 7 ga watan Maris. Bayan kwana uku, ran 10 ga wata, ya yi magana a bakin injinsa ya kira Watson ya zo, yana son ganinsa. Watson yana wani ɗaki, ƙofa a rufe, ya ji kalmomin sarai ta cikin waya, ya taso. Wannan ita ce magana ta farko da aka fahimta ta wayar Bel.

Gaskiya ita ce ba shi kaɗai ya bi wannan sawu ba. Wani malamin makaranta a Jamus, Philipp Reis, ya ƙera abin da ke aika amo ta waya tun 1861. Wani mutumin Italiya, Antonio Meucci, shi ma ya daɗe yana gwaji cikin talauci a Amurka. Dabarar da Bel ya yi aiki da ita ran 10 ga Maris kuma ta yi kama da wadda Gray ya zana, shi ya sa masana ke gardama a kai har yanzu. An yi shari'a ɗaruruwa a kan wannan al'amari, kotunan Amurka suka tabbatar wa Bel.

Da fari mutane sun ɗauke ta abin wasa. A watan Yuni na 1876 aka yi babban bajekoli a birnin Philadelphia. Sarkin Birazil, Pedro na Biyu, wanda ya taɓa ziyartar makarantar kurame ya san Bel, ya tsaya a wurinsa, ya kara abin a kunne, ya ji magana, mamaki ya kama shi. Daga nan manyan masana suka kewaye teburin. A watan Agusta aka aika murya daga Brantford zuwa wani ƙaramin gari mai nisan mil 8. A watan Yuli na 1877 aka kafa kamfanin tarho mai sunansa, bayan kwana biyu kuma ya auri Mabel. Ya ba ta rabonsa na kamfanin duka, ya rage wa kansa hannun jari guda 10 kacal. Suka tafi Ingila, a watan Janairu na 1878 ya gwada wa Sarauniya Biktoriya.

Wayoyin farko ba su da daɗin aiki. Baki ɗaya gare su, nan a ke magana nan a ke saurare, sai mutum ya yi ta kai abin baki yana mayarwa kunne, rabin zance ya ɓace a tsakani. Dole kuma a yi ihu. Watson ya ƙago ƙararrawar da ke sanar da kira, Thomas Edison ya gyara wurin magana da garin gawayi har murya ta ƙara ƙarfi. Kalmar nan halo da kowa ke fara waya da ita, Edison ne ya yaɗa ta. Bel ya fi son wata kalma ta matuƙan jirgin ruwa, amma ba ta karɓu ba. Daga baya aka yi mai dogon wuya, a riƙe ta da hannu ɗaya, abin saurare a ɗaya hannun. Sa'an nan aka haɗa wurin ji da wurin magana a mariƙi guda, irin wanda ke kan teburin ofis yanzu.

Wannan mariƙi ya kawo sauƙi, ya kuma kawo wata mummunar al'ada. Akawu mai gaggawa ya kan maƙale shi tsakanin kunne da kafaɗa, ya karkace kai, yana rubutu. In ya daɗe yana haka, jijiyoyin wuya da na kafaɗa su kan sage, ciwo ya bi. Abin da ya fi shi ne a ajiye wayar kusa, inda hannu zai kai ba sai an yi miƙa ba, a gefen hannun da ba a rubutu da shi. Mai rubutu da dama ya riƙe da hagu, ya zauna sosai, kai a miƙe. Wanda aikinsa amsa waya ne wuni zubur, akwai abin da a ke ratayawa a ka, hannu biyu su huta. Ba a bukatar ihu, gama an yi wurin maganar don muryar hira. Kada a bar igiyarta ta ratsa hanya ta harɗe mai wucewa, kada a ajiye kofin shayi kusa da ita. Tun da baki da yawa ke numfashi a kanta, a riƙa goge ta da tsumma mai tsabta, balle lokacin mura. Da damina kuwa, in hadari ya taso ana walƙiya da tsawa, a bar waya mai igiya sai an ɗauke, domin aradu tana iya faɗa wa wayar da ke kan turaku a waje ta biyo ta har cikin ɗaki.

Shi Bel bai zauna yana lissafin riba ba. Bai daɗe ba ya bar wa waɗansu sha'anin kamfani. A 1880 gwamnatin Faransa ta ba shi kyautar kuɗi mai yawa, ya kafa ɗakin bincike da ita. A shekarar nan ya aika magana a kan hasken rana, ba waya ko ɗaya, ya kuwa ɗauki wannan a kan ya fi tarho. Mutanen zamaninsa ba su ga amfaninsa ba, sai bayan kusan shekara ɗari aka soma aika magana da haske ta cikin zaren gilas, wanda intanet ke bi yau. A 1881 aka harbi shugaban Amurka, Garfield, likitoci suka rasa inda harsashin ya ke. Bel ya yi sauri ya haɗa abin gano ƙarfe a jiki, amma bai same shi ba, gama gadon da aka kwantar da shugaban yana da wayoyin ƙarfe, likitan kuma gefe ɗaya kaɗai ya bari a duba. Shugaban ya rasu. A shekarar kuma ɗansa jariri ya mutu don ya kasa numfashi, sai ya ƙera wata riga ta ƙarfe mai taimakon ƙirji ya ja iska. 'Ya'yansa mata biyu ne suka rayu.

Duk da haka, in aka tambaye shi sana'arsa ya kan ce shi malamin kurame ne. Shi ne ya nuna wa iyayen Helen Keller, yarinyar da ba ta gani ba ta ji, makarantar da aka samo mata malama, har ta zama marubuciya sananniya. Ya ƙera abin auna ƙarfin jin kunne, kuma ma'aunin ƙara da a ke kira desibel daga sunansa aka ciro shi. Amma a nan ma ya yi kuskure babba. Ya dage a kan lalle kurame su koyi magana da baki da karanta leɓe, bai so a koyar da su da maganar hannu a makaranta ba, har ya yi rubutu yana tsoron auren kurma da kurma. Girman sunansa ya sa makarantu da yawa suka hana yara maganar hannu shekara da shekaru, yara da dama suka tashi ba su sami wannan ba, ba su sami wancan ba. Kurame ba su manta da wannan ba, suna kuwa da gaskiya, domin yanzu an tabbatar maganar hannu harshe ne cikakke.

Ya ƙare kwanakinsa a wani gida bakin ruwa kusa da ƙauyen Baddeck a gabashin Kanada. Can ya yi ta kiwon tumaki yana gwaji, yana tayar da manyan filafilai sama. Shi da waɗansu samari suka ƙera jirgin sama wanda ya tashi a 1909, na farko a Kanada. A 1919 kuma jirgin ruwansa ya yi gudun mil 70 a sa'a ɗaya, ba a taɓa yin irinsa a kan ruwa ba. Ran 25 ga watan Janairu, 1915, da aka gama jan waya daga wannan gaɓar Amurka zuwa waccan, aka zaunar da shi a New York, Watson a San Francisco, tsakaninsu mil 3,400. Ya sāke kiransa da kalmomin nan na dā. Watson ya amsa cewa wannan karon sai ya yi mako guda kafin ya iso. Abin dariya kuwa, Bel bai yarda a sa tarho a ɗakin karatunsa ba, don ƙararrawarta tana katse masa tunani.

Tun yana da rai wayarsa ta iso Nijeriya, aka sa ta a ofisoshin gwamnati a Ikko a 1893. Amma ta daɗe tana hannun 'yan kaɗan: sa'ad da ƙasar ta sami mulkin kai a 1960, layukan tarho duka ba su kai 19,000 ba. A garuruwa irin su Birnin Kudu da Gwaram, yawancin mutane ba su riƙe waya tasu ba sai bayan 2001, da wayar hannu ta shigo.

Ciwon sukari ya kama shi da tsufa. Ya rasu ran 2 ga watan Agusta, 1922, yana da shekara 75, Mabel tana riƙe da hannunsa. Aka binne shi a kan tudun da ke bayan gidansa ran 4 ga wata, a lokacin kuma aka tsai da wayoyin tarho na Amurka da Kanada duka har minti ɗaya. Uwarsa da matarsa, ba wadda kunnenta ya ba ta damar yin hira ta wayar da ya ƙago. Mabel ta bi shi bayan wata biyar, aka binne ta kusa da shi.